Ayarin da Iska ke Turawa: Tarihin Ƙungiyar Tseren Jirage ta Niyu Zilan

  

Filin tarihi na wannan karo ya ɗauko zancen da wani zai ce bai shafe mu ba: tseren jiragen ruwa waɗanda babu inji a cikinsu, iska kaɗai ke tura su. Gaskiya ne, daga Tamanrasat zuwa bakin teku a Alje tafiyar kusan kilomita 2,000 ce. To amma ku dakata. Labarin ya taɓa ratsa Sahararmu, ya kuma bi ta kan filin gishiri. Cikinsa akwai madugu, akwai ubangida mai kuɗi, akwai yaran gida da suka sauya sheƙa. Wanda ya taɓa bin ayari zai gane kowa a ciki.

Kekunan da suka bi rairayi

A shekarar 1967 aka sauke wasu kekuna guda 12 a garin Beshar da ke yammacin Aljeriya. Kowanne yana da tayoyin roba da doguwar sanda a tsaye, an ɗaura mata babban ƙyalle kamar gefen tanti. Ba inji, ba mai, ba raƙumi a gaba. In iska ta taso, sai keken ya zabura.

Wanda ya shirya tafiyar wani janar ne na Faransa, Jean du Boucher, wanda ya yi aikin soja a Sahara. Ya tara matuƙa daga ƙasashen Turai da Amurka da niyyar a yi tsere daga Beshar, a bi ta Tinduf, a sauka Nuwakshot babban birnin Muritaniya, tafiyar fiye da kilomita 2,000. An fara kowa yana neman wuce ɗan'uwansa. Sai dai hamada ba ta san tsere ba. Duwatsu suna ɓarna, rairayi yana riƙe taya, wata rana iska ta ɗauke sai turi. Ƙarshe aka jingine maganar wa ya zo na ɗaya, aka koma tafiyar ayari, har aka isa Nuwakshot. Mujallar National Geographic ta Amurka ta buga labarin a watan Nuwamba na shekarar.

Waɗancan masu sha'awa ne, sun yi tafiyarsu sun watse. Ƙungiyar da za mu ba ku tarihinta yau kuwa sana'arta ke nan, da ita take biyan ma'aikata albashi. Sunanta Team New Zealand. Ita ce ke riƙe da kofin tseren jirage mafi daɗewa a duniya, kuma ita ce ke riƙe da kambun gudu na keken iska a doron ƙasa.

Yadda iska ke tura jirgi

Kafin mu shiga, bari mu warware wani abu. Babban ƙyallen nan da ake ɗaurawa a sanda, mu kira shi zanen iska. In iska tana bayanka, ba wuya: ta cika zanen ta tura ka. In kuma inda za ka daga can iskar take fitowa, ba a tunkararta kai tsaye. Sai a karkata dama, a yi nisa, a juyo hagu, kamar yadda raƙumi mai kaya ke hawan tudun rairayi a kaikaice. Nan ne gwaninta take. Wanda ya juya da wuri ko ya makara, ya bar wa abokin hamayya hanya.

Shi ya sa jirgin tsere yake da matuƙi, yake kuma da wani na gefensa wanda aikinsa karanta iska: ya dubi launin ruwa, ya dubi gajimare, ya ce iska za ta sauya ta wannan gefen. Irin aikin ɗan jagora ne a Tenere. Sauran mutanen jirgin masu ƙarfi ne, su ke jan igiyoyi da murɗa ƙarafa.

Kofin da babu na biyu

Ranar 22 ga Agusta 1851 aka yi tsere kewaye da tsibirin Wayit a kudancin Ingila. Wani jirgi mai suna America da ya ƙetaro daga Niyu Yok ya wuce duk jiragen Ingila, ya tafi da kofin azurfa. Daga sunan jirgin ne ake kiran shi Kofin Amurka. Ya girmi wasannin Olamfik na zamani da shekara 45.

Ƙa'idarsa ta bambanta da ta ƙwallon ƙafa. Jirage biyu ne kacal ke karawa a ƙarshe: na mai riƙe da kofi da na mai ƙalubale. Masu ƙalubale sai sun fara fafatawa tsakaninsu a fitar da gwani ɗaya. Ba a ba wanda ya ci kyautar kuɗi. Ribarsa ita ce shi zai zaɓi garin da za a yi karo na gaba, kuma da hannunsa za a tsara irin jirgin da za a hau. Ku riƙe wannan ƙa'ida, don ita ce za ta kawo rigima a ƙarshen labarin.

Kulob ɗin jirage na Niyu Yok ya riƙe kofin shekara 132 ba wanda ya iya karɓewa. Sai a 1983 jirgin Australia II na ƙasar Ostireliya ya doke gwarzon Amurka Dennis Conner da ci 4 da 3. Maƙwabtan Ostireliya suka ce, ashe abin yana ciwuwa.

Ƙasar tumaki ta shiga fage

Niyu Zilan tsibirai ne a can ƙarshen duniya, mutanenta yau sun ɗan haura miliyan 5. Makiyaya ne kamar ku. A 1982 tumakinsu sun kai wajen miliyan 70, har yanzu kuma tumakin sun ninka mutane sau huɗu da wani abu. Fatake kuma su sani, Aljeriya tana cikin manyan ƙasashen da ke sayen madarar gari daga can. Yaron da ya tashi a Okalan, babban birninsu na kasuwanci, yakan koyi tuƙa ƙaramin jirgi kamar yadda ɗan makiyayi ke koyon hawan amale.

Karonsu na farko shi ne na 1987 a Firimantal ta Ostireliya. Wani mai banki, Michael Fay, shi ya ɗauki nauyi. Kowa da jirgin ƙarfen alminiyam ya zo, su suka zo da na roba mai zaren gilashi, KZ 7, da matuƙi matashi Chris Dickson. Cikin tsere 38 na farko sun ci 37. Conner ya yi ta zargin akwai maguɗi a jikin jirgin, aka duba ba a sami komai ba. Amma da aka zo wasan ƙarshe na masu ƙalubale, ya kayar da su 4 da 1.

A 1988 Fay ya binciko tsohuwar takardar ƙa'idar kofin, ya ga ta ba shi damar zuwa da gingimemen jirgi, ya gina shi. Conner ya amsa da jirgi mara nauyi mai ciki biyu, kamar an haɗa kwale-kwale biyu da katako, ya wuce shi fintinkau. Aka tafi kotu a Niyu Yok. Alƙali na farko ya ba Niyu Zilan kofin, kotun sama ta soke, sai a 1990 aka rufe shari'ar, kofi ya zauna a San Diyego. A 1992 kuma suna gaban ƴan Italiya sosai, sai rigima ta tashi kan wata sanda da ke goshin jirginsu. Aka soke musu tsere ɗaya, gwiwa ta yi sanyi, suka faɗi 5 da 3. Sau uku ke nan. Fay ya janye aljihunsa.

Madugu mai jar safa

A nan ne Peter Blake ya karɓi ragama. Dogon mutum ne wanda ya san teku ciki da bai. A tseren kewaya duniya na 1989 zuwa 1990 ya ci dukkan zango shida. A 1993 ya kafa Team New Zealand, kuma don a biya kuɗin shiga gasa sai da ya jinginar da gidansa. Ba shi da attajiri ɗaya a bayansa. Kamfanoni kaɗan na ƙasar ne suka haɗa hannu.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Duk abin da za a kashe wa kuɗi sai an tambaya ko zai ƙara wa jirgi gudu. In ba zai ƙara ba, a bar shi. Sannan ya sa matuƙa su zauna da masu zanen jirgi, wanda zai hau shi ke faɗin abin da yake so. Ya ba Russell Coutts tuƙi, Brad Butterworth ya zama mai karanta iska, Tom Schnackenberg ya jagoranci masu zane. Shi kuwa Blake, duk da shi ne shugaba, ya shiga jirgi yana jan igiya kamar kowa.

A San Diyego a 1995, baƙin jirginsu da ake wa laƙabi da Black Magic ya yi ta cin kowa. Cikin watannin gasar duka, tsere ɗaya kawai aka wuce su a kan ruwa, ranar kuwa Blake ba ya cikin jirgi. Yana da wata jar safa da matarsa ta ba shi, yana sa ta duk ranar tsere. Da kuɗi suka yi ƙasa, sai mutanen ƙasar suka shiga sayen jar safa, ribar tana tafiya ga ƙungiya. Ranar 13 ga Mayu 1995 suka gama da Conner 5 da 0. Dubban ɗaruruwan mutane suka fito titunan ƙasar tarbarsu.

A 2000 aka zo gidansu a Okalan. Jirgin Luna Rossa na Italiya ya sha kashi 5 da 0. Wannan ne karo na farko da wata ƙasa ban da Amurka ta kare kofin. A tsere na ƙarshe Coutts ya sauka ya miƙa tuƙi ga yaronsa Dean Barker, ɗan shekara 26. Kowa ya ce gida ya kafu.

Ranar da ayari ya rabu

Ba a yi wata uku ba gidan ya tsage. Blake ya riga ya ajiye aiki ya koma yawon binciken lafiyar tekuna da koguna. Wani matashin attajiri na Suwizalan, Ernesto Bertarelli, mai dukiyar kamfanin magunguna, ya kafa ƙungiya mai suna Alinghi. Ya ɗauke Coutts, ya ɗauke Butterworth, ya haɗa da wasu manyan ma'aikatan jirgin. Wasu kuma attajiran Amurka suka kwashe. Kun san yadda abin yake in direban da ya san hanya ya bar ubangidansa: ba shi kaɗai ke tafiya ba, har da sanin inda rijiya take da inda rairayi ke cin mota.

A watan Disamba na 2001 mummunan labari ya zo daga Barazil. Ƴan fashi sun hau jirgin Blake da dare kusa da garin Makapa, a bakin kogin Amazon, suka harbe shi. Yana da shekara 53.

Da Alinghi ta iso Okalan a 2003, wasu ƴan ƙasar sun kira Coutts da mutanensa maciya amana, har da barazana. Zagi dai bai ƙara wa jirgi gudu ba. Sabbin shugabannin ƙungiyar sun ƙera jirgi mai dabaru da yawa, amma ba su gwada shi sosai cikin iska mai ƙarfi ba. A tsere na farko ruwa ya riƙa shiga, ana kwarfewa da bokiti, ƙarafa suna karyewa, suka janye. A na huɗu doguwar sandar ta karye gaba ɗaya a gaban jama'arsu. Aka tashi 5 da 0. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin lura, jama'a. Suwizalan ba ta da teku ko taku ɗaya, kamar Nijar da Mali. Amma ita ce ta fara mayar da kofin Turai tun 1851. Kuɗi ya sayi sani, sani ya ci kofi. Da yake ƙa'ida ta ce a teku ake yi, sai suka kai gasar Balansiya ta Sifaniya, wadda ke fuskantar gaɓar Aljeriya.

Sakan ɗaya, da tsere ɗaya

Bayan wannan kunya aka kira Grant Dalton, wani tsohon ɗan tseren kewaya duniya, mutum mai tsauri da iya neman kuɗi. Ya sami tallafin gwamnati, sannan a 2004 ya jawo kamfanin jiragen sama na Emirates da ke Dubai. Tun daga nan sunan kamfanin ya hau gaban sunan ƙungiyar.

A Balansiya a 2007 suka kawar da sauran masu ƙalubale. A wannan karon ne Afirka ta fara shiga, da jirgin Shosholoza na Afirka ta Kudu, wanda ya zo na 7 cikin 11. A wasan ƙarshe Alinghi ta sake cin su 5 da 2. Tsere na ƙarshe da sakan ɗaya aka wuce su. Sakan ɗaya, bayan aikin shekara huɗu.

Kofin ya koma hannun Larry Ellison, attajirin kamfanin Oracle na Amurka, a 2010. Wa ke tafiyar masa da ƙungiya? Coutts ne dai. Suka sa a yi karo na gaba a San Faransisko a 2013 da manyan jirage masu ciki biyu. A nan ƴan Niyu Zilan suka fito da dabarar da ta sauya sana'ar. Sun sa wa jirgin wasu ƙarafa kamar fukafukai a ƙarƙashin ruwa. In gudu ya kai, sai fukafukan su ɗaga jirgin duka sama, ya bar ruwa yana shawagi. Tunda ruwa ya daina riƙe cikinsa, sai gudun ya ninka na iskar da ke tura shi. Matsalar ita ce an ga dabarar da wuri, kowa ya kwaikwaya. Abin kuma yana da haɗari: a watan Mayu na shekarar jirgin ƴan Suwidin ya kife wajen gwaji, Andrew Simpson ɗan Ingila ya rasu.

Wanda ya fara cin tsere 9 shi ke da kofi. Barker da mutanensa suka kai 8, Oracle tana da 1. Saura ɗaya tak. Akwai ranar da suna gaba da nisa, ana hango layin ƙarshe, sai minti 40 da aka ƙayyade wa tsere ya cika saboda iska ta yi rauni, aka soke. Su kuwa Oracle kullum dare suna gyaran jirgi, sun kuma sauya mai karanta iska, suka sa Ben Ainslie na Ingila kusa da matuƙinsu Jimmy Spithill. Suka ci, suka sake ci, har sau takwas a jere. Ranar 25 ga Satumba 2013 aka tashi 9 da 8. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ƙafa ta fi hannu

Ƙungiyar ta kusa rufewa don rashin kuɗi. Dalton ya sauke Barker, abin da ya jawo masa baƙin jini, ya ba wani saurayi Peter Burling tuƙi, ya sa Glenn Ashby ɗan Ostireliya shugabancin jirgi. Darasin 2013 kuma ya zauna musu: wannan karon sun ɓoye dabararsu a gida har kusan lokacin tafiya.

Ga dabarar. Fukafukai da zanen iska na waɗannan jirage da ƙarfin mai ake juya su, irin na jak ɗin ɗaga mota. Tunda an hana inji, mutane ne ke matsa man da ƙarfinsu. Kowace ƙungiya da hannu take murɗawa, kamar mai murɗa injin taliya. Su sai suka dasa kekuna huɗu a kowane gefen jirgi, mutane suna taka feda. Har ɗan tseren keke suka ɗauko, Simon van Velthooven, wanda ya ci tagulla a Olamfik na 2012. Ƙafa ta fi hannu ƙarfi, hannuwa kuma sun sami sukunin yin wani aiki.

A tsibirin Bamuda a 2017, sauran ƙungiyoyi biyar sun riga sun sa hannu a wata yarjejeniya kan makomar gasar, su kaɗai suka ƙi. Ana tsakiyar gasa jirginsu ya kife da ka cikin iska mai ƙarfi, ya farfashe. Masu gyara suka kwana a kansa, aka mayar da shi ruwa. Ranar 26 ga Yuni suka gama da Oracle da Spithill 7 da 1. Burling yana da shekara 26.

Da ikon tsara jirgi ya dawo hannunsu, suka fito da sabon samfuri mai ciki ɗaya, da hannuwa biyu na fukafukai a gefe. Yana wuce kilomita 90 a awa a kan ruwa. Da shi suka doke Luna Rossa 7 da 3 a Okalan a watan Maris na 2021.

A kan filin gishiri

Yanzu mu dawo kan tudu. Tsakanin gasa da gasa, don kada masu zane da maƙera su zauna hannu sake wani ya ɗauke su, ƙungiyar ta sa kanta wani aiki: ƙera keken iska mafi gudu a duniya. Kambun yana hannun Richard Jenkins ɗan Ingila, wanda ya yi kilomita 202.9 a awa a kan busasshen tafki a Amurka a 2009.

Suka ƙera nasu suka sa masa suna Horonuku, da harshen Mawori, ƴan asalin ƙasar. Maimakon ƙyalle, fiffike mai tauri aka tsayar masa kamar na jirgin sama. Suka kai shi tafkin Gairdner a kudancin Ostireliya, wani shimfiɗaɗɗen filin gishiri fari fat, iyakar ganinka. Wanda ya san Amadror ko ya je Bilma zai iya kwatanta shi a zuci. Sai ga ruwan sama ya kwanta a kan gishirin, dole aka yi ta jira makonni. In ƙasa ta bushe babu iska, in iska ta zo ƙasa da laima.

A watan Disamba na 2022 abubuwan biyu suka haɗu. Ashby ya shiga, iska tana gudun wajen kilomita 40 a awa, keken ya yi 222.4. A watan Fabrairu na 2023 ya ƙara, ya kai 225.58. Wani zai ce yaya abu zai fi iskar da ke tura shi gudu har sau biyar? Ku tuna in kana bayan buɗaɗɗiyar mota, ko babu iska a gari, da ta fara gudu za ka ji iska tana bugun fuskarka. Keken yana haɗa iskar gari da wadda gudunsa ya haifar, fiffiken ya mayar da su ƙarfin turi. Muddin taya ba ta samun abin da zai riƙe ta, gudu yana haifar da gudu. Abin da ya gagari matafiyan Beshar a kan duwatsu da rairayi, gishiri mai santsi ya ba da shi.

Kofi ya bi kasuwa

Saura magana mai nauyi. Bayan nasarar 2021, gwamnatin Niyu Zilan da hukumar birnin Okalan sun yi tayin kuɗi da hidima na dalar ƙasarsu miliyan 99 don a sake yin gasar a gida. Dalton ya ce ba za su isa a riƙe ma'aikata a kuma ƙera jirgin da zai ci ba. A watan Maris na 2022 aka sanar cewa an kai gasar Basalona ta Sifaniya. An ma yi wasan share fage a Jidda ta Saudiyya a ƙarshen 2023. Ranar 19 ga Oktoba 2024 suka doke jirgin Ingila na Ben Ainslie 7 da 2. Sau uku ke nan a jere, sau biyar jimilla.

Mutanen gida sun rabu biyu. Wasu suna cewa: mu muka sayi jar safa, da harajinmu aka tashe ku lokacin da kuka faɗi, yanzu kun ci kun kai bikin garin wasu, mu sai dai mu tashi tsakar dare mu kalla a talabijin. Wasu suna cewa: ku tuna 2003. An yi gasa a gida, aljihu ba nauyi, aka kwashe gwanaye, sanda ta karye a gaban kowa. Gara a ci a waje da a faɗi a gida.

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a nan. Kakannin Kel Ahaggar sun riƙa ɗaukar gishirin Amadror zuwa Damargu su dawo da gero, don can kasuwar take. Ayari ba ya zama inda babu ciniki. Amma kuma ayarin da ya manta da waɗanda suka ba shi raƙuma da guzuri, ranar da ya dawo hannu wofi wa zai tare shi? Kowane bafatake da ke da iyali a Agadas ko Tawa, shagonsa kuma yana Tamanrasat, ya san nauyin wannan tambaya.

Labarin bai ƙare ba. A 2025 Burling ya rabu da ƙungiyar bayan sun kasa daidaitawa, ya koma Luna Rossa, kamar yadda Coutts ya yi shekara 25 kafin shi. An kuma sanar cewa karo na gaba a Napoli ta Italiya za a yi shi a 2027, wato a ƙasar su Luna Rossa ɗin. Dalton yana nan a kujerarsa.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Tambayar da muka bar muku ita ce: in gwanin direba ko ɗan jagora ya sami wanda ya fi biya ya tafi, laifinsa ne, ko na ubangidan da bai riƙe shi da kyau ba? Ku aiko mana da ra'ayoyinku, za mu karanta su a fili na gaba. Masu kan hanya a duba ruwa da taya kafin a tashi, masu kiwo Allah ya ba da damina mai albarka. Mu kwana lafiya.